Gidan Kunkuru: Wata Takwas A Cikin Kwantena

Ya kai mai karatu, yau na ajiye alli da littafin nahawu, labarin gida na zo maka da shi.

Abin da ya jawo maganar shi ne, kwanan baya wani ɗalibina na aji shida ya tsare ni bayan an tashi, ya miƙo mini wayar yayansa ya ce, "Malam, dubi irin gidan da nake so in na girma." Na duba, sai ga wani ɗan ƙaramin gida na katako, tsaf-tsaf da shi, an ɗora shi a kan tayoyi, mota tana jan sa bisa titi a ƙasar Amurka. Cikinsa akwai ɗan wurin girki, da makewayi, da gado can sama wanda sai an hau tsani. Yaron ya ce, "Ka gani Malam, ba kuɗin haya, ba mai gida. In wuri ya ishe ka sai ka ja abinka ka ƙara gaba." Na yi murmushi, domin ni na taɓa zama a ɗan'uwan wannan gida har wata takwas. Na yi masa alkawarin zan ba shi amsa a wannan mujalla tamu, don sauran 'yan'uwansa ma su ƙaru.

Bari mu fara da su masu abin. A Amurka, gidan da ake kira ƙarami shi ne wanda faɗin ƙasansa bai wuce murabba'in ƙafa 400 ba. Haka kundin ƙa'idojin gini da jihohinsu da yawa ke bi ya ƙayyade a shekarar 2018. Don ka gane girman, ɗakinmu na sha biyu sha biyu murabba'in ƙafa 144 ne, wato ke nan gidan gaba ɗayansa bai cika ɗakuna uku irin namu ba. Su kuwa a wurinsu abin mamaki ne, domin sun saba da manyan gidaje. A 1973 matsakaicin sabon gida a ƙasar yana da murabba'in ƙafa 1,660, zuwa 2015 ya haura 2,600. Babban gida kuwa babban bashi ne, mutum kan shekara talatin yana biyan banki.

A 1999 wani mutum mai suna Jay Shafer ya gina wa kansa ɗan gida a jihar Iowa, girmansa kimanin murabba'in ƙafa 100, ya ɗora shi a kan tayoyi. Ɗora shi a kan taya dabara ce: garuruwa da yawa sun hana gina gida ƙasa da wani ƙayyadadden girma, amma abin da ke kan taya doka ba ta ɗaukarsa a matsayin gini. Da aka yi karayar tattalin arziki a 2008, miliyoyin mutane suka rasa gidajensu saboda kasa biyan bashi, sai hankalin jama'a ya ƙara komawa kan waɗannan ƙananan gidaje. Daga 2014 har shirin talabijin aka riƙa yi musamman a kansu. Irin hotunan da suka biyo bayan wannan ne suka iso wayar yayan ɗalibina.

To, ni ba sha'awa ta kai ni ba, tilas ce. A ƙarshen 2021 mai gidan da nake haya ya sayar da gidansa, aka ba mu wata guda mu tashi. Kuɗin da ke hannuna ba su kai na kama wani wuri ba. Muka yi shawara da uwargida, ta koma gidan iyayenta da yaranmu biyu kafin Allah ya kawo mafita. Ni kuwa wani abokina ɗan kwangila ya ce yana da kwantena a wani fili da suke gini a bayan gari, da ofis suke yi da ita, yanzu ba kowa a ciki, in je in zauna. Kwantena dai ka san ta, akwatin ƙarfen nan da ake zuba kaya a jirgin ruwa, wadda 'yan tireda ke mayarwa shago. Tsawonta ƙafa 20, faɗinta ƙafa 8. Mai walda ya huda mata taga biyu da ƙofa. Shi ke nan gidan.

Zan faɗa maka gaskiya, ya kai mai karatu, watanni biyun farko na ji daɗin da ban zata ba.

Fa'ida ta farko, na san abin da nake buƙata. Ranar kwashe kaya na ƙirga kwalin littattafaina har goma sha ɗaya, ban da akwatuna da tarkacen da aka tara shekara bakwai. Kwantena ba za ta ɗauka ba. Dole na zauna na zaɓa. Na ɗauki kwali guda na littattafan da nake koyarwa da su da ƙamus, da katifa, da tabarma, da buta, da risho, da tukunya biyu, da kaya kala biyar. Sauran na kai ajiya. Wallahi har na bar wurin ban nemi ko kashi ɗaya cikin goma na abin da na ajiye ba. Ashe da yawan kayan nan ni nake yi musu hidima, ina kakkaɓe su, ina biya musu kuɗin ɗaki.

Ta biyu, sauƙin kashe kuɗi. Ba haya, ba kuɗin wuta, ɗan faifan sola guda ya ishe ni fitila da cajin waya. Shara minti uku an gama. In na shiga kasuwa na ga abin sha'awa, sai in tambayi kaina, a ina zan ajiye shi? Nan take maganar ta mutu. A haka na fara tara ɗan abin da na kama haya da shi daga baya.

Ta uku, natsuwa. Da magariba leburori sun watse, ba ka jin komai sai kukan gyare. Karatun da na yi a waɗannan watanni ban yi kamarsa ba tun da na bar makaranta. Duk abin da na miƙa hannu ina zaune zan taɓo shi. Wannan shi ne abin da mutanen cikin wayar suke yabo, kuma ba ƙarya suke yi ba.

Amma fa mai ɗaki shi ya san inda yake masa yoyo. Shi hoto ba ya nuna zafi. Lokacin hunturu ƙarfen nan ya yi sanyi kamar randa, da asuba kuma numfashina da tururin shayi su taru a rufi su riƙa ɗigo mini a kan littafi. Da bazara ta shigo, daga hantsi zuwa la'asar ba mai iya zama ciki, bango in ka taɓa sai ka janye hannu. Sai da na sa aka kafa mini rumfar zana a samanta kafin na samu sa'ida. Da ruwan farko ya sauka kuwa, ƙararsa a kan rufin ta hana ni jin karatun kaina. In na soya albasa, rigar da zan sa gobe ta kwana tana ƙamshinta, don wurin girki da wurin rataye kaya taku biyu ne tsakaninsu. Ruwa kuma sai na tari mai kura ya kawo jarka biyu, ina lissafinsa kamar kananzir.

Duk waɗannan jiki ke ɗaukarsu, kuma ana jurewa. Waɗanda suka taɓa mini zuciya guda biyu ne.

Wata Juma'a uwargida ta kawo mini yara mu gaisa. 'Yata, lokacin shekararta biyar, ta shiga ta je ƙarshen ɗakin ta dawo, ta leƙa bayan ƙofa, sannan ta ce, "Baba, ina tsakar gidan?" Na rasa abin da zan ce mata. Ƙaninta kuwa cikin minti goma ya kifar da buta, ya kusa jawo risho. Uwarsu ba ta iya cire mayafi ta sake ba, don taga a buɗe take ga magina suna kai da kawo, in an rufe kuma zafi. Ba su yi awa biyu ba ta ce, "Malam, bari mu koma kafin rana ta yi." Na raka su bakin titi na dawo, ɗakin da nake yabo da natsuwa ya zame mini kamar kurkuku.

Na biyu, kawuna ya zo daga ƙauye ganin likita. Tun ina ƙarami in ya shigo birni gidanmu yake sauka, bayan rasuwar mahaifina kuma wurina. Ya iso da yamma da ɗansa, ya dubi katifa ɗaya da ɗan filin da ya rage, ya ce, "Kada ka damu ɗana, za mu nemi wuri." Na bi su ina ba da haƙuri har gidan wani ɗan garinmu, shi ya sauke su a shagonsa. Kawu bai taɓa tayar mini da maganar ba, amma ni har yau in na tuna sai na ji nauyi. A ranar na gane lissafin da na yi na sauƙi bai cika ba. Abin da na rage wa kaina na kuɗi, wasu ne suka biya: surukaina da suka riƙe mini iyali, da mutumin da ya sauke mini baƙo.

Kada ka zaci mutanen Amurka sun tsira daga irin wannan. Gidan da za a ja bisa titi ba tare da izini na musamman ba, a mafi yawan jihohinsu faɗinsa ba zai wuce ƙafa takwas da rabi ba, wato bai fi kwantenata da komai ba. Tsayinsa ma an ƙayyade saboda gadoji, shi ya sa makwancin saman nan mutum ba ya iya miƙewa tsaye a cikinsa, ga tsani dare da rana, wanda tsoho da mai ciki ba za su iya ba. Babbar matsalarsu ita ce wurin ajiye shi. Garuruwa da yawa ba su yarda a mayar da abin da ke kan taya mazaunin dindindin ba, sai mutum ya kama hayar fili a sansanin da aka keɓe, ko ya raɓe a bayan gidan wani. Ka ga hayar da aka guda ta dawo ta taga. Sannan nauyinsa kan kai ton huɗu ko fiye, ƙaramar mota ba ta jan sa, saboda haka da yawansu ba kasafai suke motsawa ba. Kuma shi fili daraja yake ƙarawa, abin da ke kan taya kuwa yawanci kamar mota yake, kullum raguwa. Ko marubucinsu Henry David Thoreau, wanda suke yawan kafa misali da shi, da ya gina ɗan ɗaki mai ƙafa 10 da 15 a bakin wani tafki a 1845, shi kaɗai ya zauna, kuma bayan shekara biyu da wata biyu ya koma cikin gari.

Wataƙila ka ce, to Fulani makiyaya fa, da Buzaye, ba ga su nan suna yawo da ɗakunansu tun kaka da kakanni ba? Haka ne, kuma na yi tunanin wannan sosai ina kwance a kwantena. Bambancin shi ne su ba ɗaki kaɗai suke ɗauka ba. In ruga ta tashi, da uwa da kaka da maƙwabta da shanu ake tashi. Bukka wurin kwana ce da ajiya, amma girki da hira da tarbar baƙo duk a fili ake yi. Kayan ginin ma marasa nauyi ne, ƙirare da ciyawa da tabarmi, a wurin Buzaye har da fatu, abin da sa ko jaki ko raƙumi zai ɗauka. Haka mu ma a gari, iyalai nawa ne ke zaune a ciki da falo, wanda bai kai girman ƙaramin gidan Ba'amurke ba? Abin da ya sa muke iyawa shi ne akwai tsakar gida, akwai zaure, akwai maƙwabciyar da za a bar wa yaro.

A watan Yunin 2022 aka gama ginin. Babbar mota mai ƙugiya ta zo, don ita kwantena ko ba komai cikinta ta haura ton biyu. Na fitar da kayana na tsaya ina kallo aka ɗaga ɗakina sama kamar kwalin ashana. Wurin da na kwana wata takwas bai bar komai ba sai shatar ƙasa mai kusurwa huɗu. Da na waiwaya in yi sallama, maigadi kaɗai na samu. A unguwar da muka tashi a baya, kwana biyu muka yi muna bin gidaje muna bankwana.

Yanzu alhamdu lillahi muna ciki da falo a gidan haya, mu iyali huɗu muke haɗa tsakar gida. Akwai hayaniya, akwai layin makewayi da safe, wani lokaci har da 'yar tanƙiya a kan igiyar shanya. Amma da kawu ya sake zuwa bara, a falona ya kwana. Littattafan nan kuwa kwali shida na kawo ɗakin karatun makarantarmu, wasunku ma sun karanta su.

Saboda haka ɗalibina, ga amsarka. In kana saurayi, kai kaɗai, kana neman ilimi ko kana tara jari, ƙaramin ɗaki zai yi maka amfani, zai koya maka wadatar zuci da tsari, kuma ba abin kunya ba ne. Amma kafin ka kira shi gida, tambayi kanka abu uku: a filin wa zan ajiye shi, ina yarana za su yi wasa, ina baƙona zai kwana? Kunkuru yana yawo da ɗakinsa, amma ban taɓa jin wanda ya sauka a wurinsa ba.

Ku kuma iyaye, wanda yake ƙunci a ɗaki ɗaya ya duba ko rabin ƙuncin nan na kayan da ba a amfani da su ne, a fitar a ba mabuƙata. Wanda Allah ya hore wa fili zai yi gini, don Allah kada a cinye shi duka da bulo, a bar wa yara tsakar gida, a bar wa baƙo shago.

Allah ya rufa mana asiri, ya ba wanda ba shi da muhalli nasa. Wassalamu alaikum.