Ranar Lahadi a Leipzig

Yunwa ce ta fara koya mini halin Leipzig. Ranar Lahadi na iso daga Berlin, tafiyar awa ɗaya da 'yan mintuna a jirgin ƙasa mai gudu. Na ajiye jaka, na fita neman burodi. Duk kantin da na nufa a rufe yake. Ashe a Jamus doka ce ta hana buɗe yawancin kantuna ranar Lahadi. Wata tsohuwa ce ta tausaya mini, ta ce in koma babbar tashar da na sauka. Can kuwa na tarar da kantuna a buɗe, hawa uku, sai ka ce kasuwa.

Birnin yana gabashin Jamus, mutanensa sun haura 600,000, kuma kullum ƙaruwa suke. Jirgin kan titi ya fi sauƙin yawo, amma ku kula: tikitin da kuka saya a tasha sai kun sa shi a na'ura ta buga masa hatimi. Wanda ya manta, tarar Yuro 60 ce, ko da ya biya kuɗinsa. Robar ruwa ma kada ku yar, ku mayar kanti a ba ku santi 25.

Na so a ce malaminmu na Hausa yana tare da ni, domin a jami'ar birnin ana koyar da Hausa.