Harafi Ɗaya Tak a Cikin Jini

Duk wanda ya tashi a ƙasarmu ta Gobir ya san yaran da ake cewa suna da amosanin jini, watau sikila. Da sanyi ya shigo sai gaɓoɓinsu su ɗauki ciwo, idanunsu su yi ɗorawa, su kwana suna kuka. A Tsamaye wasu kan ce maita ce, wasu su ce iska ce. A bana malaminmu na ilmin halittu ya kai mu darasin gado, shi ne na ga ya kamata in bayyana wa 'yan'uwana ɗalibai da iyayenmu abin da na koyo.

Yawancin aikin jiki furotin ne ke yin sa. Wasu ana kiransu enzayim, aikinsu hanzarta sarrafa abubuwa. In mutum ya daɗe yana tauna burodi zai ji zaƙi-zaƙi, to, amilas ne na cikin yawu yake farfasa sitaci ya koma sukari. Shi ne kuma asirin tsiron dawa da iyayenmu mata kan sa a kunun zaƙi. Wani furotin kuwa, himogulobin, yana cikin jajayen ƙwayoyin jini, shi ne ɗan dakon iskar da muke shaƙa.

Kowane furotin kamar carbi yake, duwatsunsa su ne amino asid, iri 20. Yadda za a jera su yana rubuce a zaren gado, wanda ake kira Di-en-e, da haruffa huɗu kacal: A, T, G da C. Uku-uku ake karanta su, kowane uku na nufin dutse guda. Shi wannan littafi ba ya barin cibiyar ƙwayar halitta. Sai a kwafe wurin da ake bukata, manzo mai suna Ar-en-e ya kai wa ribosom, ita kuma ta yi ta jera duwatsun bi da bi.

Nan ne abin ya ba ni mamaki ƙwarai. Ɗaya daga sarƙoƙin himogulobin tana da duwatsu 146. A gurbi na 6, inda ya kamata a rubuta GAG, mai sikila GTG ya gada. Harafi ɗaya tak! Saboda shi sai balin ya shiga gurbin gulutamik asid, kamar yadda Vernon Ingram ya gano a Ingila a 1957. Da iska ta yi ƙaranci a jini, sai himogulobin ɗin su manne wa juna, ƙwayar ta lanƙwashe kamar lauje, ta toshe ƙananan hanyoyin jini. Ga ciwon ke nan. Lafiyayyar ƙwaya kan yi kwana 120, mai lauje kuwa da ƙyar take kai 20, shi ya sa jininsu ke yawan ƙarewa.

Me ya sa ya yi yawa a wurinmu? A 1954 Anthony Allison ya nuna a Afirka ta Gabas cewa mai AS, watau wanda ya gaji harafin daga mahaifi ɗaya, ya fi jure zazzaɓin cizon sauro. Wanda ya san sauron fadamarmu da damina ba ya bukatar ƙarin bayani.

Amma in AS ya auri AS, kowane ciki yana da kashi ɗaya cikin huɗu na zama SS. Ba wai in an haifi ɗaya sauran uku sun tsira ba, kowane ciki da lissafinsa. Mu kuwa ga mu da auren zumunci. A 2024 Jihar Kano ta kafa dokar gwajin jini kafin aure, ni dai a ganina sun yi daidai.

Da hutun da ya wuce an gwada ni a Sakkwato, AS nake. Yayata za a ɗaura mata aure da ɗan baffanmu bayan kaka. Na rubuta wa Baba takarda cikin ladabi, na roƙi a gwada su duka biyu kafin a raba goro. Har yanzu ina sauraron amsa.