Yadda Na Kwashe da Nahawun Jamusanci

Ba sha'awa ce ta kai ni ajin Jamusanci ba, tilas ce. Sa'ad da na soma tattara bayanai domin kundin digirina, sai malamina ya miƙo mini littafin nahawun Hausa na Ekkehard Wolff, na 1993, ya kuma ambata mini ƙamus ɗin da Adam Mischlich ya wallafa a 1906. Duka biyun suna magana ne a kan harshen da na sha a nono, amma cikin Jamusanci. Na buɗe, na rufe, kunya ta lulluɓe ni.

Cikas na farko shi ne jinsi. Bahaushe jinsi biyu ya sani, namiji da tamace, amma Bajamushe uku gare shi. Na yi murna da na ga rana tamace ce a wurinsu, wata kuwa namiji, daidai da Hausa. Murna ta koma ciki da na tarar kalmar "Mädchen", wato yarinya, ba ta cikin ko ɗaya, domin ɗafa-ƙeyar "-chen" takan jefa suna cikin jinsi na uku.

Amma abin da ya kayar da ni a jarrabawar farko shi ne mazaunin aikatau. Alal misali, "ba ni da kuɗi" shi ne "ich habe kein Geld", amma da zarar "weil", wato "saboda", ta shigo, sai aikatau ya koma can ƙarshe: "weil ich kein Geld habe". Wani aikatau ma rabuwa yake biyu. "Anfangen" farawa ce, amma "gobe zan fara" sai ta zama "ich fange morgen an". Ni kuwa nakan soma fassara tun jimla ba ta ƙare ba, sai ma'ana ta suɓuce mini. Dole na koyi haƙurin kai wa aya kafin in ɗauki alƙalami.

Wannan wahala ta sa na sake duban Hausa da idon baƙo. Yaya ɗalibin Hamburg yake ji idan ya haɗu da sayi, saye, sayo da sayar, ga kuma karin sauti da ba mu nunawa a rubutu? Duk da haka sun daure sun yi nazarinmu. In har muna so mu tabbatar da abin da suka faɗa, ko mu gyara inda suka kuskure, wajibi ne mu iya karanta su da kanmu. Yanzu shafi ɗaya na Wolff yakan ci mini dare guda, amma dai ina kaiwa ƙarshensa.