Garkuwa Ce Ko Zana?

Masu fassara rubutun kimiyya zuwa Hausa sun saba kiran ƙarfin maganaɗisun da ya kewaye duniya da suna "garkuwa". Kalmar tana da daɗin ji, amma ni ban gamsu da ita ba. Garkuwa aba ce mai tauri, kibiya ta buge ta ta faɗi. Abin da ke bisa kanmu kuwa ya fi kama da zana.

Ga dalilina. Rana tana fesar da ƙwayoyi masu ɗauke da lantarki ba ƙaƙƙautawa, suna gudun kusan kilomita 400 a daƙiƙa guda. Ita ce ake kira iskar rana. Idan ta iso, sai ta danne maganaɗisun duniya ta ɓangaren da ke fuskantar rana, ta ja ɗaya ɓangaren ya miƙe kamar wutsiya. A kwanakin lumana, iyakar da suke haɗuwa tana nesa da mu da kimanin kilomita dubu 60. Amma rana takan amayo wani babban curi, ya iso cikin kwana ɗaya zuwa uku, ya tura iyakar ciki, wani sa'in har ta wuce kilomita dubu 36 inda taurarin ɗan'adam na talabijin suke. In maganaɗisun da curin ya ɗauko ya fuskanci kudu, sai ya sarƙe da namu, kafa ta buɗe, ƙarfi ya kwararo. Halin zana ke nan: tana rage iska, tana sunkuya mata, wata kuma ta ratsa.

Ƙasashen can arewa su suka fi jin jiki. Ranar 13 ga Maris 1989, irin wannan hadari ya kashe wutar lardin Kebek na Kanada har awa tara. A watan Mayun 2024 kuwa, sama ta yi ja da kore a Turai da Amurka.

Mu a Garwa ba mu ganin wannan haske, sai a zaci ba ruwanmu. Alhali garin, da yawancin arewacin Kamaru, yana dab da layin da ya raba maganaɗisun duniya biyu. A saman wannan layi, nisan kilomita 100, akwai kogin lantarki da ke malala gabas da rana, wanda Sydney Chapman ya raɗa wa suna a 1951. Hadarin rana yakan ƙara masa ƙarfi, yakan kuma juya shi yamma. Bayan magariba, iskar can sama takan yi kumfa-kumfa, ta wargaza saƙon GPS, hadari kuma yana iya tsananta haka. Matuƙin jirgin da ya ɗebo alhazai zuwa Garwa, da mai awon fili, da masuncin Lagdo mai sauraron gajeren zango, duk a ƙarƙashinta suke.

Kun lura na ce "hadari", ban ce "guguwa" ba. Guguwa ba ta sallama. Hadari kuwa ana hango shi yana haɗuwa, kamar yadda masana ke hango curin tun yana barin rana.

Don haka, ɗalibai, kafin ku ɗora wa baƙon abu suna, ku fara tambayar yadda yake aiki. Wanda aka ce masa yana bayan garkuwa, barci zai yi da minshari. Mai zana kuwa ya san akwai dubawa kafin damina ta faɗi.