Kafin ki yaba gado, ɗaga katifar

Ku matso kusa, tunda mu kaɗai ne. Yaya, ke da kike haɗa kayan ɗakin 'yarki, maganar taki ce, amma kowa ta kasa kunne.

In muka je wajen kafinta, idonmu kan fuskar gado yake sauka: madubi, kwalliya, launin da zai shiga da na wadrof. Katifa kuwa mu ce sai Vitafoam ko Mouka, mai inci 10, kar dangin ango su raina. Abin da katifar za ta hau babu mai tambaya. Ana nan yarinya ta fara kukan ciwon baya, tsakiyar gado ya yi kwari, sai a ce katifar jabu ce. Sau da yawa ba laifinta ba ne. Soso ba shi da ƙashi, siffar abin da ke ƙarƙashinsa yake ɗauka. Wani kafintan katako huɗu kacal zai gitta, tsakaninsu ya fi taki guda, dole soson ya lotsa cikin ramukan.

To, ki sa hannu ki auna. Tazarar da ke tsakanin katako da katako kada ta wuce inci 3, wajen faɗin yatsu huɗu. Gado mai shida da shida kuma sai da dogari a tsakiya, daga kai zuwa ƙafa, mai ƙafafun da suka taka ƙasa. In babu shi, komai kaurin katakon sai ya lanƙwashe. Wannan abin yana ci mini rai, don kuɗinsa bai taka kara ya karya ba a kan abin da aka kashe wa fuskar gadon.

Na ji ki, ƙawata, falanki aka shimfiɗa miki. Yana da kyau in mai kauri ne, sai dai a huda shi wuri-wuri iska ta shiga. Gumin dare yana ratsa soso ya sauka ƙasa, in bai sami hanyar fita ba, a watan Agusta za ki ji warin fumfuna. Ledar da katifa ta zo da ita ma haka take riƙe danshi, ki daure ki cire.

Tsohon gadon ƙarfe mai ragar waya, irin na iyayenmu, in ragar ta saki kada a ɗora masa sabuwar katifa sai an sa katako.

Mai kwana a ƙasa kuwa ba ta yi laifi ba, siminti ba ya lotsawa. Ta dai shimfiɗa tabarma tukuna, duk mako ta jingina katifar da bango ta sha iska.

Yaya, ranar ɗauko gadon ki je da kanki, ki ce a haɗa shi a gabanki kafin ki cika kuɗin.