Iya Abubakar ba sunan gini ba ne kawai

Ɗalibai nawa ne a Samaru suke shiga Cibiyar Kwamfuta ta Iya Abubakar, su yi layi, su gama abin da ya kawo su, su fita ba su taɓa tambayar wane ne mai sunan ba? Idan ka tambayi dattawa kuma, sai su ce ai tsohon ministan tsaron Shagari ne, ko sanatan Adamawa ta Arewa daga 1999 zuwa 2007. Duk gaskiya ne, amma ni abin yana ci mini rai, domin kafin duk wannan malamin lissafi ne.

An haife shi a Belel a 1934. Ya yi Barewa, ya wuce Ibadan ya fito da digiri mai daraja ta ɗaya a lissafi, sannan Kambirij ta Ingila ta ba shi digirin dakta. Bincikensa ya shafi yadda motsi ke ratsa ƙasa da duwatsu, irin lissafin da masu nazarin girgizar ƙasa ke dogara da shi. Ku tuna fa, a lokacin masu digiri a Arewa ba su taka kara sun karya ba. Ya dawo Zariya ya riƙe sashen lissafi na Jami'ar Ahmadu Bello (ABU) yana matashi, ya zama shugaban jami'ar a 1975, har rikicin ɗalibai na "Ali Must Go" a 1978 ya raba shi da kujerar.

Muƙamin gwamnati wa'adi gare shi, ranar da ya ƙare wani ya hau. Aji ba haka yake ba. Wanda ya tsaya gaban allo, alli ya yi masa fari fat a hannun riga, ya warware lissafi layi bayan layi har na bayan aji ya ce "au, ashe haka ne!", to ya haifi malamin da zai je Katsina ko Yola ya koyar da wasu.

Amma yau yaro na shiga aji huɗu na sakandare za ka ji iyaye da kansu suna cewa, "Kai, lissafin nan ba kanka ba ne, koma ajin adabi." Wai har da masu cewa lissafi sai 'yan Kudu. Yaron Belel ya ƙaryata wannan magana tun kafin a haifi yawancin masu faɗinta. Don Allah malaman lissafi, ku riƙa ba yara labarinsa a aji.