Kanya Babba: Makarantar Girki A Bakin Titi

Mai karatu, in ka baro Kano ka miƙa arewa ta Kunya, kafin ka kai Babura sai ka ratsa Kanya Babba. Gari ne a ƙaramar hukumar Babura, cikin masarautar Ringim, wanda ya faɗa Jigawa tun ran 27 ga Agusta 1991 da aka yanke ta daga jikin Kano. Ƙasa ce mai yashi, ta gero da gyaɗa da riɗi, kuma Nijar ba nisa.

Ni dai ba gona ce ta tsayar da ni a garin ba, tukubar wani mai tsire ce a bakin titi, da wani yaro da bai wuce shekara 14 ba yana durƙushe yana fiƙe tsinke. Na ce, "Samari, kai ne mai gashin?" Ya yi 'yar dariya ya ce, "A'a Yaya, ni ko wuƙa Maigida bai fara ba ni ba." Ashe daminarsa biyu a wurin.

To jama'a, nan ce makarantar, ba allo ba takarda. Yaro zai fara da ɗebo ruwa da faskare da wanke tire, sai hura wuta. In an ga yana da natsuwa a bar shi ya tsira nama a tsinke, daga nan ya koyi barbaɗa ƙuli da yaji da shafa mai. Wuƙa ita ce ta ƙarshe, kuma ba mugunta ba ce. Nama kuɗi ne. In yanka ya yi kauri, waje ya gasu ciki ɗanye, in ya cika siranta wuta ta lashe shi, jarin yini guda ya tafi ke nan. Wutar ma karatu ce mai zaman kanta, don ba a ɗora tsire a kan harshenta, kafa tsinkayen ake yi a cikin toka a kewaye ta, su ɗan karkata, zafi ya riƙa dukansu a hankali. Ran da iskar hunturu ta taso kuwa, gefe ɗaya ya ƙone ɗaya ko ɗumi bai yi ba, sai mai ido ne zai san lokacin juyi. Maigidan nan ban ji ya yi wa yaron bayani ko sau ɗaya ba. Tsawa dai akwai ta, da harara. Ladansa abinci da ɗan kuɗin sabulu, sai fatan ranar sallama a haɗa shi da wuƙa da tire da abin jari.

'Yan mata nasu ya fi sauƙin farawa, don tun a ɗakin uwa suke ganin yadda ake jiƙa shinkafa a kai niƙa, kullun masa ya kwana ya tashi, da asuba a ɗora tanda. Sai dai su ba mai sallamarsu, aure ne yake yaye su.

Matsalar tana zuwa ne ran da yaro ya ɗaga kai ya ce shi kukun otal yake son zama. A zangon Kwankwaso na biyu, tsakanin 2011 da 2015, an buɗe makarantar koyon aikin otal da karɓar baƙi a tsohon otal ɗin Daula a Kano, Daular da yanzu sai labari. A Kazaure ma ga kwalejin kimiyya da fasaha ta Hussaini Adamu. Amma ƙofar irin wannan kwaleji da takardar sakandare ake buɗe ta, wanda ya ƙare ƙuruciyarsa a gaban wuta ina ya gan ta? In ya samu shiga kicin ɗin otal, wanke-wanke zai koma, a ƙarƙashin wanda bai kai shi sanin nama ba.

Sai kuma babbar, maganar aure, wadda na san ita ce ta fi damun masu karanta mujallar nan. Fawa sana'a ce mai sarauta, ga Sarkin Fawa nan a garuruwanmu, amma har yau akwai gidajen da in mai tsire ya aiko neman aure sai a hau binciken asali. Wanda ya kama tukunyar tuwo da miya kuwa nasa ya fi muni, nan da nan a liƙa masa daudanci. Wallahi abin nan yana ba ni haushi. Saurayi zai zo zance da ƙunshin tsire a takarda, budurwa ta shige da shi cikin gida, Baba ya ci, Inna ta ci, ƙanne su lashe takardar, amma wanda ya gasa shi in ya yi sallama a ƙofar gidan sai a ce yarinya an yi mata miji.

Ana kiran magariba aka fara cika tukubar. Maigidan ya tafi alwala, ya waiwayo ya ce, "Kai, duba min wutar nan." Wuƙar kuwa ya soke ta a kube ya tafi da abarsa.